Samari masu farar riga da nektai

Wani labari da na karanta ya ce matasan Mormon (wata ɗariƙar Kirista) masu wa'azi a ƙasashen waje suna shan wuya, kuma ba ƙarya. Mu nan Accra muna ganinsu biyu-biyu, farar riga da nektai, baƙin bajo a ƙirji an rubuta Elder, wato dattijo, alhali yaron ko gemu bai tsiro ba, gumi sharkaf cikin rana. Ƙarfe 6:30 suke tashi, ba shayi ba kofi, kuma ba dama ka rabu da abokin tafiyarka. Ƙasar ma ba su ke zaɓa ba, daga Salt Lake City, hedikwatar cocinsu a Amurka, ake yankewa, shekara 2 cur. Amma marubucin ya manta cewa kafin 2019 sau biyu kacal a shekara suke kiran gida. Ni iyayensu mata na fi tausaya wa, wallahi.