Algaitar Turawa a hanyar Farin Gada

Ƙanina ne ya jawo min, shi da faifansa na wasu mawaƙa da ake kira Rivers of Nihil, wanda 'yan Pennsylvania ɗin nan na Amurka suka saki a 2018. Kiɗan metal ne, mai hayaniya da gurnani, aka cusa masa busar saksofon irin ta jaz. Na ji rabi da daddare, barci ya kwashe ni. Da safe aka ce in kai Baban su Amarya da Goggo kasuwar Farin Gada da ke Jos sayen kayan miya.

Ina tada mota waya ta haɗu da rediyo da kanta, ta ɗora daga inda na tsaya, daidai wurin da gita da ganguna suka lafa, saksofon na busa a hankali. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Algaita ce wannan?"

"A'a Baba, saksofon ce, irin wadda Fela ke busawa. Wani ɗan Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙera ta, aka yi mata rajista a 1846." Har da ƙara murya don ya ji da kyau. Ya ce, "Madalla, yaron nan akwai ilimi."

Bai rufe baki ba mai waƙar ya kece da gurnani, ganguna suka ɓarke kamar injin niƙa ya haɗiyi cokali. Carbin Baba ya faɗi ƙarƙashin kujera. Na kai hannu in rage, maɓallin ya zare ya biyo ni. Ga gosulo, ga gilashi a buɗe, mai keke a gefenmu ya leƙo yana cewa, "Alhaji, lafiya? Wa ake yankawa?" Baba dai a'uzu billahi kawai yake ja, yana kallon titi, ni kuwa ina riƙe da maɓalli a hannu.

Goggo fa? Matar da ko ƙarar tsawa ba ta ji sai in zancen sadaki ake, ranar kunnenta garau. Kafin la'asar ta gama zaga dangi cewa da bakin aljanu nake hira a mota, wai har na san shekarar haihuwarsu. Wannan Goggon ce fa na biya wa kuɗin gilashin ido bara. Jiya ta aiko min da ruwan tofi a gorar Swan, ta ce in dawo mata da gorar.

Maɓallin ma har yanzu ban samu irinsa ba, an ce in duba wajen masu kayan mota a Dilimi.