"Ai Toyota ba ta mutuwa": maganar da ke kashe tsofaffin motocinmu

Duk lokacin da na ji mai tsohuwar Land Cruiser ko Hilux yana bugun ƙirji yana cewa motarsa ba ta mutuwa, sai gabana ya faɗi, domin yawanci mai wannan magana shi ne ba ya leƙa ƙarƙashin motarsa sai ta tsaya da shi a daji. Tawa ƙirar 80 ce ta 1996, mai injin gas 1HZ, silinda 6, lita 4.2. Ina ƙaunarta, shi ya sa nake wannan rubutu.

Injin nan yana da juriya, ba musu, amma rayuwarsa tana rataye da taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistan da bawul. Ni duk kilomita 100,000 nake canza shi, ko da bakanike ya ce da sauransa. In ya tsinke kana tafe, fistan zai daki bawul, kuɗin bel ɗaya ya koma kuɗin sauke kan inji. Kuma don Allah a daina ɗura ruwan rijiya a lagireto. Tsatsa da gishirin ruwan ne ke toshe shi a hankali, ranar da zafin Afrilu ya haɗu da rairayi sai inji ya tafasa. Man bunburutu kuwa, duk mai shiga ƙauyuka bai da makawa sai ya sha, to ya riƙa tafiya da filtar mai sabuwa a mota, yana tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindinta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne giyar taya huɗu. Wani zai saka ta a kan kwalta busasshiya yana ganin ƙarfi ya ƙara wa mota. A irin motocin da ake ɗaure tayoyin gaba da hannu, gaba da baya a ƙulle suke juyawa tare, in ba ƙasa mai santsi da taya za ta ɗan zame, duk wannan matsi cikin giya da aksul yake komawa. Wani kuma shekara guda bai taɓa saka ta ba, sai ranar da ya kafe a taɓo ya tarar ta cije. Kamfanin da kansa yana ba da shawarar a yi tafiyar kamar kilomita 16 da ita duk wata, don mai ya zagaya. A nemi hanyar burji a yi.

Direbobin Agadas masu ratsa Tenere zuwa Dirku sun riga mu gane sirrin rairayi: a rage iskar taya, a riƙe tafiya ɗaya, ba fizga ba taka birki da ƙarfi. Haka ake yi a tuddan Yusufari. In taya ta fara tono, ɗaga ƙafa, sauko ka ɗauki shebur. Ƙara wuta binne motar kawai yake yi. Da an hau kwalta a nemi mai faci ya mayar da iska. Mai gangarowa daga tsaunin Mambila zuwa Serti kuma ya sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, birki in ya ɗau zafi sakin mutum yake.

Daminar bara na ratsa wani rafi, ruwa har ƙofa. Washegari na kwance mazubin man aksul na baya, sai ga shi fari kamar koko, ruwa ya shiga. Nan take na sa aka juye shi, aka duba na gaba da na giya, aka bi kowace gaɓa ta farfela, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksul, da giris kafin na sake tayar da ita.