Rediyon tafiya, kunnensa ake saya

Jiya wajen ƙarfe uku na rana ƙanena ya shigo mini rumfa a Dawanau da kwali a hammata. Zai tafi sayen riɗi ƙauyukan Nguru, sati biyu zai yi, shi ne ya biya Sabon Gari ya sayo rediyo. Muka buɗe. Akwai tocila, akwai wurin sa memori, yana haɗuwa da waya, a bayansa har da ɗan farantin sola kamar tafin hannu. A jikin kwalin an rubuta SW da manyan baƙaƙe, wato gajeren zango. Muka fita fili bayan buhuna, na ja eriya har ƙarshe, na murɗa allura daga wannan baki zuwa wancan a kan mita 16 da mita 19. Shuu kawai. Na ciro nawa daga aljihun gaba, wanda fentinsa ya goge saboda yawan riƙo, sai ga shirin rana na BBC raɗau. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, rediyo biyu. Na ce masa, "Ƙanena, mayar musu. Wannan lasifika ka sayo."

Abin ya tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ake yi wa haka ba. Yanzu mai sayen rediyo tocila yake dubawa, sai ƙarar sauti, sai ya tambaya ko yana cin memori. Abin da ya kai shi kasuwar, wato jan tasha daga nesa, shi ne ba ya gwadawa.

Wanda ba ya fita Kano ba zai gane damuwata ba. A cikin gari FM ta wadatar da kowa, Freedom ce, Rediyon Kano ce, ga su nan birjik. Amma FM a miƙe take tafiya, iya inda dogon ƙarfen tashar ya hango nan ta tsaya. Ka kama hanya, kafin ka yi nisa muryar ta fara dusashewa, can sai ta ɗauke. Gajeren zango kuwa sama yake hawa, ya bugi wani ɓangare na sararin samaniya ya dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Shi ya sa makiyayi a tsakiyar daji yake jin abin da mai kuɗi ke ji a unguwar Nasarawa ta Kano. Da haka iyayenmu suka san duniya: BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI ta biyo baya a 2007. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ba ya karin kumallo sai ya ji shirin 6:30.

Na san za a ce ai waya ta kashe wannan zance. Ni ma ina da waya, da ita nake rubutun nan. Amma ku tuna Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni mutane na riƙe da waya ba kira ba intanet. Ku tuna Disambar 2024 da hukumomin Nijar suka dakatar da BBC na wata uku, tashoshin FM da ke ɗauko shirin suka daina. Layin waya da FM duk ana iya kashe su daga ofis guda. Abin da ke saukowa daga sama ba ya rufuwa da takarda. Ko babu wannan ma, ƙauyuka nawa na kwana inda sai ka hau tudu kafin saƙo ya shiga?

To, me za ka duba idan kuɗinka kaɗan ne?

Ni a wurina batir ne farko, kuma a nan nake saɓawa da matasa. Suna son mai caji. Na taɓa sayen irinsa, mai batir a rufe a ciki, na tafi da shi kasuwar Maigatari ranar wata Alhamis na zarce ƙauye. Dare na biyu ya mutu, garin babu wuta, mai cajin waya ya rufe. Na kwana da shi a gefen tabarma kamar dutse. Tun daga ranar ban sake sayen rediyon da ba ya cin ƙananan batura irin na AA ba. Duk mai tebur a kowane ƙauye yana sayar da su, ka jefa huɗu a jaka ka manta. Akwai masu amfani da batir irin na tsohuwar Nokia, BL-5C, wanda ake cirewa a sa wani. Wannan da sauƙi, in ka riƙe na biyu. Sannan ka sani, sauraron gajeren zango alhali rediyo na jikin caja wahala ce, domin cajar kanta tana zuba masa ƙara.

Sai batun allura da lamba. Mai allura ya fi araha, ba ya shan batir, kuma hannun da ya saba yana gane wurin tasha ko a duhu. Irin su Kchibo da suka cika Arewa da Tecsun R-9012 mai batir biyu duk wannan gidan ne. Abin lura shi ne yadda aka raba mitocin. Idan an cusa gajeren zango gaba ɗaya a layi ɗaya ko biyu, tashoshi za su hau kan juna, ka ɗan taɓa kaɗan ka tsallake uku. Nemi wanda kowace mita ke da layinta: 16, 19, 25, 31, 41, 49. Idan kuma aljihu zai ɗan iya, mai nuna lamba irin Tecsun PL-310ET ya fi kwanciyar hankali, ka danna lambar tasha ka ajiye ta, gobe ka same ta inda ka bar ta.

Wani abu da ke sa mutane zagin rediyo mai kyau shi ne rashin sanin lokaci. Da rana mita 16 da 19 ne ke aiki. Rana na faɗuwa sai a koma 31, 41 da 49, mita 25 kuma tana tsaka-tsaki. Haka kuma manyan tashoshin gajeren zango suna sauya mitoci sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. Mutum ya nemi tasharsa inda ya saba ya rasa, sai ya ce rediyon ya lalace, ya kai wa mai gyara a kwance masa lafiyayyen abu.

Gwaji kuwa kada ka yarda a yi maka shi a cikin shago. Fitilun zamani, inbata, janareto, cajojin waya, duk suna toshe gajeren zango, kuma mai kaya zai kunna maka FM da ƙarfi ka ji daɗi. Je kasuwa dab da ƙarfe uku, lokacin shirin rana na BBC, ka sa baturanka, ka ce, "Alhaji, bari in fita da shi bakin titi." Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai hana ka ba. Ka kama tasha, ka saki hannu, ka tsaya minti biyu ka ji ko za ta zame. Ka girgiza eriyar a hankali ka ga gindinta, domin nan ne ke fara karyewa a jaka. Ka duba ramin abin sa wa a kunne, saboda masauki ba naka kaɗai ba ne, kuma da shi batir ya fi daɗewa.

Akwai dabarar da wani tsohon direba ya koya mini a tashar Unguwa Uku. Siririyar wayar wuta, kamar kamu goma, ka fere bakinta ka naɗa a kan eriya, ɗaya bakin ka jefa kan reshen darbejiya ko katanga. Tashar da kake ji kamar daga rijiya sai ta matso kusa. Kada dai ka kusanci wayar lantarki, kuma in hadari ya taso ka cire.

Ƙanena ya koma Sabon Gari da safen nan. Mai shagon ya yi masa mutunci, ya karɓi na jiya ya ba shi ƙarami mai allura, ba tocila ba sola, har da canji. Na naɗe masa wayar eriya a jikin ɗan kara, na rubuta masa mitocin rana da na dare a bayan rasit, na ce ya kira ni in ya isa Haɗeja, ya faɗa mini ko shirin BBC na 8:30 na dare ya shigo.