Abin da svn log ya ja min a shagon caji

Akwai wani plugin, wato ƙaramar manhajar ƙari, na WordPress (manhajar gina shafukan intanet) da nake fama da shi tun damina. Su can WordPress ta SVN suke karɓa, wato manhajar da ke adana tarihin duk canjin da ka yi wa fayiloli, sai ka zuba kaya a trunk, ka kwafa zuwa tags, ka gyara Stable tag a readme.txt. Na rubuta ɗan skirif da zai kwaso daga Git, wata manhajar irin SVN da nake ajiye aikina, ya yi min duka, amma don kar in tura shirme inda duniya za ta sauke sai na yi svnadmin create na buɗe ma'ajiyar gwaji a laftof ɗina, na nuna wa skirif ɗin hanyar file:/// kawai. Ko data ba ya ci, a garin da sai ka hau katanga kafin ka ga sabis.

To kowane commit, wato duk canjin da ka adana, sai da saƙo, ni kuma a shagon caji nake zama saboda sola, tunda ba mai gani sai nake rubuta abin da ke raina.

Ranar Alhamis da yamma an dawo daga kasuwar Maigatari shago ya cika, yara suka ce yaya nuna mana yadda yake aiki. Na gyara zama na buga svn log, umarnin da ke jero saƙonnin da lambobinsu. Wallahi duk suka zubo reras. Mai caji yana tsaye a bayana da cazar wani a hannu, ya sunkuyo ya fara karantawa da ƙarfi, a hankali kamar mai biya allo: "r3, mai caji ya ƙara kuɗi, Allah ya isa." Ya numfasa. "r4, solarsa ta fi shi mutunci." Ya ce malam sauko ƙasa, akwai saura. Na ce ai gwaji ne, a cikin kwamfutar nan kaɗai yake, ba wanda zai gani. Ya waiga ya dubi mutanen shagon ɗaya bayan ɗaya, ya ce to mu aljanu ne?

Na yi wuf zan canza saƙon da svn propedit, abin ya ƙi, wai ba a kunna pre-revprop-change mai ba da damar gyara tsohon saƙo ba, in je in roƙi mai kula da ma'ajiyar. Ni ne fa mai kula da ita! Gumi har cikin ido.

Amma wanda ya fi ƙona min rai wancan mai gyaran babur ɗin ne, kun san shi. Mutumin da ya karɓi kuɗin fulogi tun kafin azumi har yau babur ɗina sai an tura, shi ne ya faɗo daga benci yana riƙe ciki, har da cewa a maimaita na huɗun bai ji da kyau ba. Shi da ko boko bai iya karantawa, yanzu in na wuce sai ya ɗaga murya ya ce "ar fo!", wato r4, yaransa su kwashe da dariya.

Skirif ɗin dai ya yi aiki, tags ya fito daidai. Caji kuma yanzu gidan kawu nake kaiwa, shi ma batirinsa ƙarfe tara yake mutuwa.