Zinaren Maman Hafsa ya tsage

Akwai wata 'yar taga mai siffar rabin wata a saman ƙofar falonmu a Karantina, nan Jidda, faɗinta santimita 60. Na ce bari in cike ta da gilashi mai launi irin kamariyya, tagar ado ta mutanen Yaman. Su da jibs, wato farar filasta, suke riƙe gilashin, ni kuwa na zaɓi liƙi da dalma. Na zana fure a kwali, na yanka shi gida 34, kowane da lambarsa.

Yankan bai ba ni wuya ba. Gilashin kaurin milimita 3 ne. Ka ɗiga wa almasa, wato abin yankan gilashi, mai, ka ja layi ɗaya daga baki zuwa baki har ka ji ƙara kamar ana yaga atamfa, sannan ka kama da filaya ka ɓalle. Ba a maimaita layi, domin yana dakushe almasar, gilashin kuma ya bi inda ya ga dama.

Inda na tafka ta shi ne kwalin. Ana rage kusan milimita ɗaya tsakanin kowane gida da maƙwabcinsa, saboda siririn jan ƙarfen da ake naɗe bakin gilashi da shi yana cin wuri. Ni ban rage ba. Jeren ƙasa gida goma ne, sai ga aikina ya yi ƙiba da kusan santimita guda. Na kai shi bakin taga, taga ta ce ba ta san zancen ba. Kwana biyu ina ɓare jan ƙarfe, ina goga gilashin a dutse, ina wankewa, don jan ƙarfen ba ya kama gilashi mai maiƙo.

A tsakiyar furen akwai gilashi ruwan hoda, wanda ya fi duk sauran tsada. Shuɗi da sinadarin kobal ake rina shi, wannan kuwa da zinare na gaske. Bakina bai iya shiru ba, na faɗa wa matata, Maman Hafsa.

"Au, Alhaji, zinaren da nake ta roƙo tun bara ashe taga aka saya wa?"

Na ce ta jira ta ga ikon Allah da hantsi.

Na shafa ruwan liƙi, na ɗauko ƙarfen liƙi na lantarki mai wat 100 da dalma 60/40, wato kashi 60 kuza, 40 dalma. Tana narkewa wajen digiri 190, kuma ƙa'idarta ka ja ka wuce. In layi bai yi kyau ba, ka koma wani gefen har nan ya huce, don gilashi ba ya jure zafi a wuri ɗaya alhali sauran jikinsa na da sanyi. Ga shi kuma na saki esi a kan teburin saboda zafin Jidda. Layin da ke gefen ruwan hodar ya yi ƙulu. Na koma sau ɗaya, na koma sau biyu. A na uku na tsaya ina lallashinsa.

Ƙas!

Ƙarar ba ta kai ta fasa gyaɗa ba, amma daga kicin aka jiyo ta. Maman Hafsa ta leƙo da ludayi a hannu, ta bi tsagar da ido tun daga sama har ƙasa.

"Wanne ne ya fashe?"

Na yi shiru.

"To, a tattara min ɓaraguzan in kai wa maƙeri. Ko ɗan kunne ɗaya ne a samu."