Abin da kuke yi wa dariya a sautin muryar nan, rai ne

Wallahi ba ku ji kunya ba. Wata mace mai zaman kanta ta yi magana a wani sautin murya da ake yaɗawa a WhatsApp tana gargaɗin 'yan'uwanta a kan mutumin da ya rufe wata a ɗaki, ya lakaɗa mata duka, ya ƙwace wayarta ya gudu, amma abin da ya tsaya muku a rai shi ne inda ta ce ba ta zuwa wurin kowa sai an samu wadda ta san shi ta tsaya masa. Shi ke nan aka samu abin raha a Katsina. Daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan: wai karuwa ma tana bincike, wai har da neman shaida. Shi kuwa mai dukan, ban ga wanda ya tambayi ko wane ne ba.

To me kuke so ta yi? Ku faɗa mini. Wadda aka daka ɗin, ina za ta kai ƙara? In ta je caji ofis, tambayar farko ita ce me ya kai ta ɗakin. In ta doshi Hisba, ita za a fara tsarewa. A gida ba ta isa ta buɗe baki ba. Mugu ya san haka sarai, shi ya sa ya zaɓe ta. Mace wadda duk ƙofofin kai kuka suke rufe a gabanta, kariyar da ta rage mata ita ce ta yi tambaya kafin ta fita.

Kuma ku sake sauraren abin da ta lissafa, babu na dariya ko ɗaya. Wa ya ba ka lambata? Sai ta kira waccan ta ji: kin san shi, ya taɓa ɗaga miki hannu, yana zuwa shi kaɗai ko yana jawo abokai, yana shan ƙwaya? Ta ce ya turo kuɗin mota ta banki, ba don kuɗin ba, don sunansa na gaskiya ya fito a saƙon. Ta tura wa ƙawarta sunan masaukin da lambar mota, ta ce in lokaci kaza ya wuce ba ki ji ni ba, ki neme ni. Wannan tsoro ne yake magana. A da magajiya ce take wannan aikin, tana zaune a tsakar gida ta san fuskar mai shiga da mai fita, wanda ya yi ta'asa sau ɗaya ba ya sake taka zauren. Yanzu harkar ta koma waya, mace ita kaɗai take tafiya wurin mutumin da ba ta taɓa gani ba.

Kada ma ku ɗauka a nan aka fara. A Amurka mata masu zaman kansu sukan nemi baƙo ya kawo sunayen wasu matan da ya taɓa hulɗa da su, a tuntuɓe su, in ba su yabi halinsa ba a ƙi shi. A Birtaniya akwai ƙungiya mai suna National Ugly Mugs, tun 2012 take tattara rahoton mazan da suka cuci irin waɗannan mata tana aika gargaɗi ga sauran. Dalilin a fili yake. Gary Ridgway, wanda ya amsa laifin kashe mata 48 a gaban kotu a jihar Washington a 2003, da bakinsa ya ce yana zaɓen karuwai ne saboda ya san ba za a yi saurin cigiyarsu ba. Nan gida kuma, kun manta Fatakwal a 2019? Gawarwakin mata aka riƙa tsinta a ɗakunan otal, an shaƙe su, har aka kama Gracious David-West, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2020. Da ɗaya daga cikinsu ta samu wadda za ta ce mata kada ki je, da wataƙila tana raye.

Na san abin da za ku rubuto a ƙasa: Hajiya, kina goyon bayan zina. Ku adana shi. Zina haram ce, ba yau na fara karatun Islamiyya ba, kuma ina roƙon Allah Ya fitar da kowace baiwarSa daga wannan hanya. Amma zina da mutum biyu ake yin ta, kuma na biyun a sahu ɗaya kuke salla da shi. Wane malami ne ya karantar da ku cewa wadda ta yi saɓo jininta ya halatta ga duk wanda ya ga dama? Hadisi ingantacce ya zo cewa Allah Ya gafarta wa wata karuwa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa. Ubangijin da Ya halicce ta bai rufe mata ƙofa ba. Kuma tuba sai da rai. Wadda aka shaƙe a ɗakin haya ba za ta zo wa'azinku ba.

Masu cewa ai ita ta kai kanta, ku ma na ji ku. Ta kai kanta, sai aka ce a karya mata haƙarƙari?

Ni abin da ya fi ci mini rai ma, ku tsaya ku tambayi daga ina wasu daga cikin sababbin shiga harkar nan suke. Ku zaga garin nan da yamma ku ga mata da goyo a bakin shaguna da ƙofar masallatai, daga ƙauyukan Batsari, Jibiya, Safana, Ƙanƙara, 'yan bindiga sun kashe miji, sun kore shanu, gona ba ta nomuwa. Yau bara take yi, kuma akwai masu tsayawa da mota su ce mata akwai taimako amma sai da dare. Tiyar masara ta gagare ta, ku da kuke da kuɗin data na yaɗa muryar mutane, zakkar bana wa kuka ba?