Wai ba komai a ɗakin?

Tun jiya nake kallon yadda kuka yi wa yarinyar nan caa a kan ɗakin da ta shirya a Argungu. Na danne, na danne, yau dai haƙurina ya ƙare. Wai ta tara mutane a duhu ta kunna musu nishi ta ce fasaha ce. Sannunku da ƙoƙari, masana! A wurinku duk abin da ba hoton gwamna da babbar riga ba ne, shirme ne.

Ba komai a ɗakin? Numfashin masu nitso ta naɗa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada yana jiran kan mutum ya ɓullo, ya san wannan fizgar iskar. Ni na shiga ɗakin. Ban daɗe ba na ji bango yana matso ni, ashe ni ma na riƙe nawa numfashin ban sani ba. Sai ga kawuna ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa, da homarsa da gorarsa, yana haki yana dariya. Wallahi sai da na share ido. Shi ne ba komai?

Da daga waje aikin ya zo, da tuni kun ɗora shi a Facebook. Oscar Muñoz na Kolombiya ya jera fayafayan ƙarfe masu sheƙi, ka hura musu huci fuskar mamaci ta bayyana, hucin na bushewa ta ɓace. A 2003 Olafur Eliasson ya cika zauren gidan baje kolin fasaha na Tate Modern a Landan da hazo da rana ta fitilu, mutane suka riƙa kwanciya a ƙasa suna kallon kansu a madubin rufi. Wa ya ce musu ba komai?

Masu cewa al'adar Turawa ce, zauren gidan kakanku fa? Ƙofa gajera ta sa ka sunkuya, duhu da sanyi su sa ka rage murya tun kafin ka yi sallama. Maginin ya san abin da yake yi. Masu cewa ana fama da yunwa kuma, to zaginta da kuka yi ya sauko da mudun gero?

Ku nawa ma kuka taɓa leƙa gidan tarihi na Kanta, ga shi nan a hancinku tsohuwar fada tun 1831?